Tudun Ƙarfe Biyar

Wata uku ke nan Nelida Guaymas tana auna gyatsar shanu a wata tashar gwaji a karkarar Santa Fe, kuma ko mahaifiyarta da ke can Salta ba ta gaya wa gaskiyar aikin ba. Ta dai ce mata bincike take yi.

Aikin ba shi da wuyar faɗa. A kulle saniya ita kaɗai a ɗakin awo mai taga ɗaya, a ba ta abinci sau ɗaya da bakwai na safe, na'ura ta yi ta ƙirga iskar metan da take gyatsawa. A kwamfuta abin yakan fito kamar tudu, ya hau da sauri bayan cin abinci, sannan ya gangara a hankali har washegari. Lissafin da Nelida ta gina yana faɗin tsayin tudun tun kafin saniya ta buɗe baki. Shanu goma sha ɗaya sun bi shi sau da ƙafa. Ta sha biyun, wata baƙa mai suna Morocha, ta ƙi.

Kullum bayan biyar na yamma sai wani ƙaramin tudu ya fito a layin Morocha, babu dalili. Ga rahoto ana jira ran Juma'a, kuma muddin ba a san mafarin tudun nan ba, babu mai yarda da na'urar, aikin wata uku ya tashi a banza. Ta canza bututu, ta wanke matacin iska, har zagin na'urar ta yi. Ba ta da wanda za ta kai wa kuka, don motar ƙarfe huɗu ke kwashe ma'aikata zuwa gari, ita a bar ta da ƙarar fanka.

Ran Litinin da biyar ta taka zuwa ɗakin awon. Sai ga Don Ubaldo, tsoho mai tatsar shanu da ke kwana a tashar, zaune kan kifaffen bokiti a gaban tagar, flas a hammata, ƙoƙon mate, shayin ganyen ƙasar, a hannu. A ciki Morocha ta tsoma baki cikin kwanon dusa.

"Don Ubaldo! Ashe kai ne ka hana ni barci sati biyu?"

"Ni? Me na yi, Doktora?"

"Wa ya ce ka ba ta dusa?"

"Haba, wannan ai ba abinci ba ne, na taɓa ka lashe ne. Biyar ta yi, kowa a ƙasar nan yana ɗan sa wani abu a baki." Ya zuƙi mate. "Marigayiya matata ce ta raine ta da kwalba. Tun da ta rasu, da saniyar nan nake shan na yamma. Kun kulle ta ita kaɗai, ko tuƙa ba ta yi sai ta gan ni. Ni in ci, ita tana kallo?"

Ran Nelida ya ɓaci sosai, ta faɗi maganganun da ba a faɗa wa mai furfura. Ta ce kada ta sake ganinsa kusa da ɗakin. Tsohon ya riga ya cika ƙoƙon zai miƙo mata, sai ya mayar da hannunsa, ya ɗauki bokitinsa ya tafi.

Talata tudun ya ɓace. Laraba ma haka. Layin Morocha ya kwanta kan lissafin sumul, ran Juma'a ta aika da rahoto, aka amso da yabo.

Da yammar nan motar huɗu ta tafi kamar kullum. Nelida ta fito da burodinta, ta zauna gaban kwamfutar tana kallon wurin da tudun yake a da. A duk takardun wata ukun nan, shi kaɗai ne shaidar cewa a tashar akwai mai zuwa duba wani. Ita ce ta goge shi da hannunta. Ta ajiye burodin.

Biyar saura kaɗan ta ɗauki kujerarta ta kai gaban tagar ta zauna. Morocha ta ɗago kai ta dube ta, sannan ta ci gaba da leƙen hanyar da ke bayan Nelida, inda tsohon ya saba ɓullowa.