Kamun Kofur Zibrim

Mma Awabu tana ɗiga wa Kofur Zibrim ruwa a baki da cokali, sai ihu ya taso daga wajen babbar kwata. "Julo! Julo!" Da yaren Ga ake kiran ɓarawon, amma muryoyin duk na 'yan unguwarsu Nima ne.

Shekarar yunwa ce, tamanin da uku. Ba ruwan sama, gonaki sun ƙone, ga waɗanda aka koro daga Legas sun cika unguwa. Ɓarawo in an kama shi ba ya kaiwa caji ofis. Wancan satin ma an kashe wani kan akuya.

Shi Kofur maƙwabcinta ne shekara talatin, tsohon ɗan sanda tun zamanin Turawa, ba mata ba ɗa. Kwanansa uku ke nan bai ce uffan ba.

Labule ya yi sama, mutum ya faɗo ɗakin, goshi na jini, ya rungume olonka, gwangwanin awo, cike da gari. Lauwali tela ne, wanda ya dawo daga Agege ta Legas ba keken ɗinki.

"Mma, rufa mini asiri."

Ya maƙure a gindin gado. Kafin ta aje cokali tsakar gida ta cika. Moro mahauci ne a gaba, riƙe da taɓarya.

"Mma Awabu, miƙo shi."

"Ajiyarsa ka ba ni? Ku rage murya, mutum na kan gargara."

Tana juyawa ta ga hannun Kofur ya fito daga bargo, ya lalubo wuyan hannun Lauwali, ya damƙe. Mutumin da cokali ya gagara! Ta ja gefe. Ita dai tana son ta ga inda abin zai tsaya.

"Wa ke ƙara?" in ji Kofur, murya can ƙasa.

Adiza mai gari ta leƙo. "Ni ce, Baba Kofur. Garina ne."

"To. Na kama shi. Yana hannun hukuma."

"Wace hukuma, Baba?" in ji Moro. "Tun ina goye ka tuɓe kaki."

Awabu ta sunkuya kan Kofur, ta saurari numfashinsa, ta shafe masa ido. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Hannun kuwa bai buɗe ba. Moro ya tako zai ja Lauwali.

"Fizge," ta ce. "Fizge daga hannun mamaci, anjima ka tsaya sahun sallarsa mu gani."

Ya ja baya. Aka kira liman, ya sa a kawo ruwan ɗumi don a sassauta yatsun.

"Dakata, Malam," in ji Awabu. "Ɗan sanda ba ya saki sai ya miƙa. Na ji wannan a bakinsa har kunnena ya gaji. Wa zai karɓa?"

Maza suka shiga kallon ƙasa.

"Moro, kai ne mai ƙarfi. Aje taɓaryar nan, ta mutane ce. Da rauni ɗaya aka ba ka shi, a goshi, na gani, liman ya gani. Haka za ka kai shi caji ofis. Ka dawo ka kama makara."

"Haba Mma..."

"Miƙo hannu."

Liman ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, Moro ya sa nasa a wurin. Suka fita, Adiza na biye da olonka a ka don shaida, sauran suna ba su hanya.

Awabu ta koma ɗaki ɗauko ƙwaryar ɗibar ruwan wankan gawa. Hannun Kofur na nan kan bargo, tafin a buɗe, da ɗan farin gari a tsakanin yatsu.