Tsohuwar da Ke Riƙe da Awakin Dakata

Mafarkin da na yi daren jiya cikin kan matata Larai ya kai ni. Na shiga ta kunnen hagu, na tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Ruwan sama yana tasowa daga ƙasa, sai na kifa lemata na taka.

Na tsaya a bakin wani rafi da ya raba ƙwayoyin ƙwaƙwalwa biyu. Jiragen ruwa suna zuwa daga tsallake da wasiƙu iri biyu, wasu an rubuta “Ci gaba”, wasu “Dakata”. A gaɓarmu awaki ne ma'aikata, kowace da teburinta, tana karɓar wasiƙa ta buga hatimi. Wani bunsuru mai tabarau ya ce, “Malam, Larai tana ɗinki. Wasiƙun nan duk na ƙafarta ne da ke taka keke.”

Akuya ba ta zama wuri ɗaya, don haka kowace da igiya a wuya. Igiyoyin awakin Ci gaba suna hannun wani dattijo, Baba Tanimu. Na Dakata kuwa wata tsohuwa ce ke riƙe da su, Inna Kande.

Na durƙusa na gaishe ta, na ce, “Inna, mene ne aikinki a nan?”

Ta ce, “Furotin ce ni, ɗan nan, cikin ƙananan sinadaran da ke wa jiki aiki. Ba na karatu, ba na tuƙi. Riƙo kawai.”

Ni ba na iya ganin babba a tsaye ina kallo. Na ce, “Kawo in karɓe ki, ki ɗan huta.” Ta miƙo mini, ta zauna a kan turmi.

Shekara ashirin ina koyar da kimiyya, ban taɓa barin layi a karkace ba. Na ga awakin ba a jere suke bisa tsawo ba, sai na ajiye igiyoyin don in gyara, gajeru a gaba.

Suka watse da teburansu. Wasiƙun Dakata suka rasa mai karɓa, ruwa ya yi sama da su. Ci gaba kaɗai ke isowa. Ƙasa ta kama rawa, keken yana gudu. A sararin sama na hango yatsan Larai, ƙato kamar bishiyar kuka, yana matsowa ƙarƙashin allura.

Na ce, “Baba, saki naka mana!”

Ya ce, “In na saki, ƙafar ba za ta ƙara motsi ba. Kai malamin makaranta, wa ya aike ka?”

Inna Kande ta miƙe ba tare da faɗa ba. Ta tsince igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ta ja kowace akuya daidai inda jirgi ke tsayawa. Wasiƙa ɗaya ta sauka. Hatimi ya ce ƙwas. Komai ya yi tsit, saura ƙiris tsakanin yatsa da allura.

Na ce, “Allah ya saka da alheri, Inna. Tun yaushe kike riƙe?”

“Tun Larai tana zanen goyo. Kai ne na farko da ya gaishe ni. Amma kada ka sake taimakona.”

Ƙarar keke ce ta tashe ni. Ya yi gudu, ya tsaya, ya ci gaba. Na fita tsakar gida na kama hannun Larai, na duba yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, “Malam, lafiya?”

Na ce, “Lafiya lau. Ki gaida mini Inna Kande.”