Sanyin Ɗakin Cuku

A gonar da nake aiki, can ƙauyen kan dutse bayan Riyad, ɗakin cuku kaɗai ke da na'urar sanyi. Tamu ta ɗakin kwana ta mutu tun azumi. Shi ya sa bayan azahar nakan lallaɓa in kwanta tsakanin kantocin cukun.

Ina kwance na ji ƙarar motar mai gonar. Babu ƙofar baya da zan sulale. Ban kai ga tashi ba ya shigo.

"Bachir, naku ɗakin fa?"

"Tanderu ne, ya shaikh."

Ya gyaɗa kai, ya fita. Washegari ya dawo daga birni da kwali, har na fara murna, na zaci sabuwar na'urar sanyi ce. Sabon kwaɗo ne da makulli. Ni ya sa na kafa wa ƙofar.