Iska a Jinin Direba

Sai da mai aski ya aske kan Direba, ya gama shafa kumfa a haɓarsa, sannan ya gane abin da ya hana shi sakewa a ɗakin. Shiru ne ya yi yawa. Tun da aka sallamo maƙwabcin nasa daga asibiti, bayan aikin da aka yi masa a ciki, injin nan mai ba shi iska bai huta da gurnani ba, har ta bango mai aski ke jin sa daga shagonsa. Yau kuwa tsit.

"Inna, an ɗauke wuta ne?"

Mahaifiyar Direba tana zaune a bakin ƙofa, ta miƙe ƙafafu. "Wuta na nan. Ni na kashe shi tun safe."

Direba ya yi murmushi, idanunsa na kan lungun da ke bayan mai aski. "Matsa mata ta zauna mana," ya ce, kalma ɗaya, hutu ɗaya.

"Wa?"

"Matata. Tun ɗazu take tsaye."

Matar nan ta rasu shekaru ke nan, har da mai aski aka kai ta makwanci. Tsigar jikinsa ta tashi. Bai so ya waiwaya ba, amma ya waiwaya. Riga ce kawai a rataye jikin ƙusa.

"Ka ji da kunnenka ko?" in ji Inna, ta rage murya. "A gabana likita ya ce matsalarsa iska ce a jini. Yaro iska ta shige shi, maimakon a fitar, sai a cusa masa roba a hanci ana ɗura masa wata? Ka kasa kunne ga kwalbar ruwan da ke jikin injin nan, wallahi magana take yi."

"Inna, cewa ya yi iskar ta yi masa ƙaranci. Ta numfashi yake nufi, ba waccan ba."

Ta dube shi kamar ya yi mata wani yare.

Mai aski ya goge kumfar da babban yatsa. Leɓɓan Direba sun yi shuɗi-shuɗi, faratansa ma haka, haƙarƙarinsa na ɗagawa da ƙyar. Tsoro ya kama mai aski sosai. Ya yar da aska, ya kunna injin, ya lalubo robar a ƙarƙashin gado inda aka tura ta, ya maƙala masa a hanci. Da ɗaya hannun ya kira asibiti.

"Ja numfashi, ɗan'uwa. Ja mana."

"Ta ce in taso," Direba ya faɗa, cikin jin daɗinsa. Ya ja sau ɗaya, mai tsawo. Mai aski ya jira na biyu, ya yi ta jira.

Ko da masu motar asibiti suka iso, dubawa kawai suka yi, suka zare robar, suka sunkuyar da kai. Ba wanda ya tuna da kashe injin.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta rarrafo ta tsuguna a gefen gadon. "Ta numfashi ka ce?" ta tambaya.

Mai aski ya sunkuya ya ɗauki askarsa daga ƙasa.

Robar na kwance a kan matashi, tana hura 'yan gashin da aka aske, suna gangarawa a hankali zuwa bakin katifa.