Kwanon Inuwa a Tabarmar Ciyayya

A shekarar da aka rufe masaƙar da Inuwa yake aiki a Challawa, a shekarar ce ya ji a rediyo wai Kano tana cikin jihohin da rayuwa ta fi sauƙi. Wai idan aka haɗa abin da 'yan ƙasa suke kashewa a ci da sha da haya aka raba daidai, mutumin Kano yana can ƙasa da tsakiya. A bencin mai shayi ya ji labarin, yana zaune bai sayi komai ba. Bai ji haushi ba. Shi dai tun daga ranar ya kama tunanin wannan bawan Allah da aka raba daidai aka samu.

Dama Inuwa mutum ne mai mafarki ido biyu. Zaman gaban injin saƙa ne ya koya masa, don ƙarar ba ta barin hira, sai dai kowa ya shige cikin kansa. Yanzu da safe yakan fito daga Panshekara kamar mai zuwa aiki, ya bi ta gaban masaƙar inda ciyawa ta fara leƙowa ta ƙarƙashin ƙofa, ya miƙe Sharada ko za a dace da dako, wani lokaci har sito-siton Bompai. A hanya wannan bawan Allah, Mutumin Tsakiya, ke raka shi. Ba dogo ba ne, ba gajere ba, rigarsa ba sabuwa ba kuma ba ta tsufa ba, cikinsa kullum rabi a cike. Inuwa yakan tambaye shi ko ya taɓa taya kwanon masara a kasuwa, shi kuwa sai murmushi, irin na wanda bai taɓa jin matarsa tana kankare tukunya ba. Su jera a gefen kwatocin da a da suke gudu da ruwan rini, yau shuɗi gobe ja. Sun bushe, amma idan Inuwa ya ƙura ido yana ganin launin yana tafiya a hankali.

Yunwa yana iya jure ta. Abin da ke cin ransa shi ne ciyayya.

A layinsu, bayan magariba, magidanta kan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Malam Ashafa, kowa ya fito da kwanon gidansa a rufe. Malam Ashafa, dattijon layin, mai tireda a bakin masaƙar, shi ke jawo kwanukan ɗaya bayan ɗaya yana buɗewa, kuma da nasa ake farawa, babban kwanon samira da sai an sa hannu biyu. Wanda ya daina fitowa, an san gidansa ya kwanta. Inuwa kuwa ya gwammace a gan shi da yagaggiyar riga da a san haka.

Ranar da masara ta ƙare, matarsa Uwani ta tsaya da kwano a hannu.

“Malam, wannan ai ba abin fita da shi ba ne.”

“Rufe shi dai ki ba ni.”

Ya ajiye a ƙarshen layin kwanuka. Da aka zo kansa, Malam Ashafa ya ɗaga, ya ɗan riƙe shi a sama kamar mai tuna wani abu, sannan ya ture shi gefe.

“Ni dai na ƙoshi. Inuwa, ka mayar wa yara wannan.”

Kowa ya ce shi ma ya ƙoshi. Washegari haka, jibi haka. Inuwa ya san an sani, su ma sun san ya sani, amma muddin murfin nan bai ɗagu ba, mutuncinsa na nan a ciki. Yakan ci na mutane a ɗarare, loma ƙanana, ya ɗauki kwanonsa ya shige gida da kunya da godiya a cakuɗe, har bai san wadda ta fi yawa ba.

Damina ta wuce, wata masaƙar ta sake rufewa a Sharada. Hirar tabarma ta koma ta atamfar waje da ta cika kasuwa da wutar da ba ta tsayawa. Shu'aibu, da ya bar aikin fata ya kama acaɓa, yakan ce tun da rediyo ta ce suna cikin sauƙi, to lallai mutanen Legas duwatsu suke dafawa. A yi dariya. Inuwa yana jin su daga nesa, idonsa kan hayaƙin bututun da ya rage can wajen kogi, yana ayyana ranar da jiniyar masaƙa za ta sake kira, mutane su fito kan kekuna kamar an buɗe dam.

Wata Alhamis Malam Ashafa ya fito da hannun dama a naɗe. Sanyin ƙashi ne ya tashi.

“Inuwa, yau kai za ka jawo mana.”

Inuwa ya matso. Ya sa hannu biyu ya kama babban kwanon kamar yadda aka saba, ya yunƙura, sai kwanon ya taso masa kamar faifai. Wani abu ƙarami ya gangara a ciki ya tsaya.

Sai a lokacin ya tuna da tiredar. Masu sayen sabulu da sukari a bakin masaƙar ai su ne su Inuwa. Watanni yana wucewa ta gabanta yana hira da wanda babu, bai taɓa lura cewa kantocinta sun zama fayau ba. Ya dubi dattijon. Malam Ashafa yana kallon titi, haɓarsa a ɗage. Tausayi ya kama Inuwa.

Idan ya ce an ƙoshi, ba wanda zai yarda, don ko loma ba a kai ba. Kuma sauran kwanukan, wa ya san nauyinsu?

Ya sauke babban kwanon a hankali, kamar mai nauyi, ya ture shi bayansa.

“Malam, kullum naku muke ci. Yau a bar ni in yi rigima, da nawa za a fara.”

Ya miƙa hannu ƙarshen layi ya jawo nasa, ya ɗage murfin. Dafaffen rogo ne, gutsattsari kaɗan a gindin kwano, da barbaɗin ƙuli a gefe. Duk tabarmar ta gani.

Malam Ashafa ne ya fara sa hannu, da naɗin da komai. Ya ɗauki mafi ƙanƙanta, ya dangwali ƙuli, ya daɗe yana taunawa.

“Ka gaida Uwani,” ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. “Ka ce mata rogon ya dahu.”