Wane Irin Kare Ne Covrig?

Tanti Veturia, ƙanwar mahaifiyata, ta ɗauko Covrig daga gidan ajiyar karnuka na bayan tashar jirgin ƙasa tun yana kwikwiyo, bayan rasuwar mijinta. Ya girma da ƙaton kai da faffaɗan ƙirji, amma ko kyanwa ce ta harare shi sai ya shige ƙarƙashin gado.

Da aka tsaurara dokar karnuka masu haɗari a garinmu, wani maƙwabci ya kai ƙara. Ɗan sanda ya zo, ya leƙa daga bakin ƙofa, ya ce, "Wannan ai fitbul ne. Ki yi masa rajista, ko a ɗauke shi."

Ni na raka ta ofishin rajistar. Matar da ke wurin ta ce sai likita ya tabbatar da irinsa. Likitan dabbobi ya juya Covrig, ya buɗe bakinsa, ya sosa ƙeya.

"Kansa dai na fitbul ne. Ƙafafun kuma ban san na wa ba ne."

"To shi ne, ko ba shi ba ne?" in ji Tanti.

"Wa ya san ubansa? Ke kin sani?"

Muka koma ofis. Matar ta ce tunda likita bai ce shi ne ba, ba za ta yi rajista ba. Ɗan sandan kuma ya ce tunda ba rajista, ba zai kwana a gidan ba. Tanti ta dube ni. "Ilinca, da yarenmu suke magana kuwa?"

Washegari ta dafa masa mamaliga, tuwon masararmu, da cuku, ya cinye, muka kama hanyar gidan ajiyar. Tana tafe tana kuka, shi yana kaɗa jela.

Tun daga nesa muka ji haushi. A jikin ƙofar an ɗaure wata karya mai irin kansa, mai ita ya gudu. Sanda, wadda ke kula da wurin, ta fito da bokiti a hannu.

"Kar ma ki fara, Tanti. Babu wuri. Kuma duk wanda na karɓa mai irin kan nan, an hana ni ba wa kowa. A keji zai tsufa."

"Ke fa kika ba ni shi!"

"Lokacin kansa bai kai haka ba."

Tanti ta waiwayi ƙofar. Karyar ta miƙo wuya tana lasar takalminta.

"Wannan fa?"

"Ba ta shigo ba tukuna, saboda haka ba tamu ba ce. Ban ma gan ta ba."

Tanti ta sunkuya ta kwance igiyar.

"Tanti, mayarwa fa muka zo yi!"

"Na sani. Riƙe wannan, hannuna ya gaji."

Muka koma gida da karnuka biyu. Ta sayi takunkumi, ta sa musu. Ɗan sandan ya dawo, ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya ce zai tambayi ogansa. Har yau ogan bai ba da amsa ba.