Fim Ɗaya da Ɗorawar Kan Iyaka

Mai unguwa ya ce daga la'asar ɗin Alhamis ba zai ƙara hana kowa komai ba. In 'ya'yan marigayi Malam Habibullah suna da shaidar cewa ɗorawar nan a gonarsu take, su kawo. In babu, maƙwabcinsu Mika'ilu ya sare abinsa. Masu injin yankan itace kuwa tun da hantsin ranar suka iso daga Gezawa, suka baje a inuwar bishiyar da suka zo kayarwa suna cin gyaɗa.

Duk garin an san ɗorawar ta gidan Habibullah ce, don matan gidan ne ke kaɗe ta kowace bazara, kalwarta ce daddawarsu. To amma "an sani" ba ta tsayawa a gaban mai unguwa. Gambar da ta raba gonakin biyu ta mutu a daidai wurin tun da aka fara shigo da tarakta, dattawan da suka san inda ta bi kuma duk sun riga mu gidan gaskiya.

Abin da ya rage shi ne fim ɗaya na cikin kyamara, irin na hoto baƙi da fari, da Malam Habibullah ya ɗauka a kakarsa ta ƙarshe, lokacin yana malamin gona. Ya rasu bai kai an wanke ba. 'Yarsa Aina'u, wadda ta tsufa tana koyar da kimiyya a sakandaren 'yan mata, ta tuna ranar sarai: ana yankan dawa, shi yana tsaye daga nesa da kyamara, bishiyar na bayansu. Ta zaga da fim ɗin cikin birni, duk wanda ta nuna wa sai ya juya shi ya ce an daina wannan. Wani tsohon mai hoto ne kaɗai ya ba ta gishirin da ke tsayar da hoto bayan an wanke, ya ce sauran ta ji da kanta.

Ta kuwa ji da kanta. Ta daka ƙwayoyin farasitamol, ta haɗa da sodar sabulu da wani farin gari daga shagon kayan kimiyya, ta rufe a kwalba har ruwan ya koma kalar shayi. Haɗi ne mai fito da hoto da kaifi, kuma kaifin take nema, domin gamba daga nesa zare ce kawai. Abin da ba ta sani ba shi ne tsawon lokacin da fim zai zauna a ciki. In ya gaza, hoto ya fito kamar inuwa. In ya zarce, ya ƙone baƙi ƙirin, kuma ba a wankewa sau biyu.

"Yaya, ga shi a rubuce," in ji ƙaninta Basiru, yana tura mata waya kusa da hanci. "Minti goma sha biyu. Masana ne suka rubuta, ba 'yan daka magani a turmi ba."

"Masanan sun ce ruwan wane irin sanyi?"

Ya duba. Ta zaro ma'aunin zafi daga randa ta nuna masa. Ruwan randar, mafi sanyi a gidan, ya fi nasu zafi nesa ba kusa ba.

"Su a garinsu suka auna, da sabon fim," ta ce. "Namu ya girmi babbar 'yarka."

"Sai in hau babur in nemo ƙanƙara."

"Ta narke tana canza min zafi a tsakiyar aiki? Randa ba ta sauya magana. Riƙe min tsani."

Babu ɗaki mai duhun kirki a gidan sai rumbun ƙasa. Ta tattare zani ta hau, ta zura kanta ciki da almakashi da ɗan baƙin tankin wankin fim da ta samu a akwatin mahaifinsu. Basiru ya kifa murfi ya lulluɓa bargo. Ciki zafi kamar bakin murhu, ƙaiƙayi na cin wuyanta. Da lalube ta jawo bakin fim ɗin. Dole ta yanki ɗan guntu ta gwada, kuma a duhu babu mai gaya mata hoton me almakashin ke ratsawa. Ta yi bisimilla ta datse kamar tsawon yatsa.

Gwajin farko ta bi lissafin Basiru, don a rufe wannan bakin. Da aka buɗe tanki a tsakar gida, guntun ya fito kamar gindin tukunya. Ko rana aka ɗaga shi ba a ganin komai.

Basiru ya sosa ƙeya. "Wataƙila fim ɗin ne ya mutu."

"Wataƙila. Riƙe tsani."

Na biyu ta ba shi minti biyar. Wannan karon akwai abu, amma fari fat, sai an karkata shi ake ganewa. Ta sa gilashin ƙara girma ta duba. Ƙafafun mutane ne da kututturen dawa. Ashe almakashinta ya riga ya shiga hotunan gona. Ta yi zaton Malam zai ƙare fim ɗin da hotunan taki ko na shanun huɗa, irin na aikinsa.

Daga gona aka ji injin ya yi tari, ya ɗauka, ya mutu. Gwaji suke yi.

"Ki ƙara yanka ɗaya mu tabbatar," in ji Basiru, yanzu muryarsa ta sauka.

"In na yanki bishiyar fa? Mu riga Mika'ilu sare ta?"

Ta zauna a kan turmi da guntayen biyu a tafin hannu, baƙi da fari. Shekara da shekaru tana gaya wa ɗalibai kada su yanke hukunci da gwaji biyu, ga ta yau da gwaji biyu. Na farkon bai gaya mata nisan zarcewarsa ba, baƙi dai baƙi ne. Na biyun kuwa ya kusa, tunda har igiyar takalmin wani ta fito. Kenan amsar tana kusa da shi, ba a tsakiya ba kamar yadda mai raba gardama zai ce.

"Minti bakwai," ta ce. "Kuma ba zan cika girgiza shi ba. In ruwan ya natsu, gefen abu ya fi fita."

"Wa ya ce?"

"Za mu gani."

Ta koma rumbu ta naɗa sauran fim ɗin gaba ɗaya. Hannunta na gumi, sau biyu yana maƙalewa tana warwarewa. Da ta sauko an yi azahar tuni. Ta sake auna ruwan randa, ta zuba haɗin, Basiru ya danna agogon waya. Ta juya tankin a hankali, ta ajiye, ta harɗe hannuwa don kada su kai kansu. Can wani ya yi sallama a zaure, muryar Mika'ilu ce.

"Malama, a ce mutanen nan su jira, ko likitan hoto ya sallami maras lafiya?"

"A ce su ƙara gyaɗa, Malam Mika'ilu. La'asar aka ce."

"Saura kaɗan, Yaya," in ji Basiru. "Ki ƙara masa ko rabin minti mana."

Ta tuntsurar da ruwan daidai lokacin da wayar ta yi ƙara.

Da aka tsayar da hoton aka ɗauraye, ta ɗaga fim ɗin yana ɗiga. Ya fito. Kai, ya fi yadda ta roƙa, har ganyen ɗorawa ana iya bambancewa. Basiru ya ɗauka da waya ya juya baƙin ya koma fari, ya buɗa da yatsu biyu. Ga mahaifiyarsu da ƙwarya a ka. Ga rijiyar gonarsu, wadda har gobe tana nan. Ga bishiyar. Ga gamba kuma, siririya, tsaf, ba ta yanke ko'ina ba, ta bi ta tsakanin rijiyar da bishiyar.

Ɗorawar tana ɓangaren su Mika'ilu, da taku mai yawa.

Basiru ya daɗe yana kallo. Ya ƙara buɗawa, ya rage, kamar gambar za ta matsa.

"Ba wanda ya gani sai ni da ke," ya ce a hankali. "Ki kai musu baƙin guntun nan ki ce duk haka ya ƙone. In babu shaida ta kowane ɓangare, zan roƙi mai unguwa a raba itacen, ko a ƙara mana lokaci."

Aina'u ta dubi baƙin guntun. Kowa zai yarda, don dama ba wanda ya zaci maganin ciwon kai zai haifi hoto. Ta tuna daddawar mahaifiyarsu a shanye a kan wannan turmin.

"Da gambar ta bi ta ɗaya gefen, da yanzu kana kan babur kana nuna wa gari," ta ce. Ta yafa mayafi, ta riƙe fim ɗin ta gefe don bai bushe ba.

A gindin bishiyar mai unguwa ya karɓi gilashin, ya duba, ya miƙa wa Mika'ilu. Mika'ilu ya rufe ido ɗaya ya leƙa, ya ɗago ya dube ta.

"Malama, kin san abin da kika kawo kuwa?"

"Ni na wanke shi. Ɗorawar taka ce. Abu ɗaya nake roƙo, 'ya'yanta sun nuna, ka bari mata su kaɗe na bana."

Mika'ilu ya dubi masu injin, ya dubi sama inda ɗorawa ke reto. "Zuwa gobe bayan Juma'a," ya ce. "Ba na ƙarawa."

Basiru ya juya ya nufi gida. Aina'u ta bi bayansa daga nesa, tana tunanin gidan da za ta aro doguwar gora.